Yadda nake sayen wuta awa-awa a Kopenhegan

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa lafiya, a gaishe mini da Inna da yara. Ka tambaye ni ko da gaske ba a ɗauke wuta a Danmak. Da gaske ne, tun zuwana ban taɓa laluben tocila cikin dare ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mita.

Ba mai zuwa karanta mitar gidanmu. Ita ke aika lissafinta da kanta, in buɗe waya in ga abin da na sha a kowace awa. Farashin ma ba ɗaya ba ne. Kullum da rana ake fitar da na gobe, kowace awa da kuɗinta. Daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 9 na dare, lokacin da aka taso daga aiki kowa ya ɗora girki, wuta tsada take yi. Tsakar dare kuwa, ko ranar da iska ke kaɗawa sosai, sai ta karye. Shi ya sa uwargida ke saita injin wanki ya tashi ƙarfe 2 na dare, maƙwabcina kuma sai an yi barci motarsa ke fara caji. Ba wanda ya tilasta mana, kowa aljihunsa yake dubawa, kuma da haka nauyin da zai taru a kan taransifoma lokaci guda yake rarrabuwa. Nakan tuna tamu ta unguwa, yadda take bugawa da zarar an kawo wuta kowa ya jona dutsen guga da hita a tare, sannan ƙarshen wata a miƙo mana bil na ƙiyasi, har da kwanakin da muka yi a duhu. Wannan bil ɗin har yau yana ci mini rai.

Fiye da rabin wutar da ƙasar ke samarwa daga iska take. Idan ka tsaya bakin teku za ka hango manyan fankoki 20 jere cikin ruwa, a wurin da ake kira Middelgrunden. Tun shekarar 2000 aka kafa su, kuma rabinsu na mutanen gari ne da suka haɗa kuɗi suka sayi hannun jari. Kamar karo-karon da muke yi na gyaran taransifoma ne, sai dai su riba ake raba musu.

In iska ta kwanta fa? Akwai wayoyi ta ƙarƙashin teku zuwa Norwe, inda suke da madatsun ruwa irin Kainji, da wasu zuwa Suwidin da Jamus, a ƙarshen 2023 kuma aka buɗe na Ingila. In wannan hanya ta toshe, wata tana nan. Na yi ta tunanin haka a Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi fiye da mako ba wuta, kana gaya mini ƙanƙara ta gagari mutane.

Shara ma ba ta zama a bola. Ƙona ta ake yi a wata masana'anta, Amager Bakke, a samu wuta, ruwan zafin kuma ya bi bututu ya ɗumama gidaje.

Kada ka ɗauka komai daɗi ne. Wutar nan akwai tsada, mutum na kashe ƙwai in zai fita daga ɗaki. A Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, ranar ma ba ta da ƙarfi. Wallahi in na ga farantan sola a kan rufinsu ƙarƙashin hazo, sai in tuna ranar Kano da ke gasa kwanon shagonka a banza.

Don haka kuɗin da zan turo ƙarshen wata na sola ne, kada a saka su a janareta. A fara da farantai da inbata mai kyau, batir kaɗan ya isa tukuna. Ka riƙa kunna firizoji daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana ke da ƙarfi, su riƙe sanyi zuwa dare. Ka kuma dage a sa maka mita mai kati, ko da za ka yi ta zarya. In mai haɗawa ya ba ka lissafi, ka turo mini hotonsa kafin ka biya.