Kabad mai ruwan ƙasa a madafar Damagaram: wanne za ki saya, da me za ki haɗa shi

Duk wadda ta yi shara a Damagaram cikin watan Janairu ta san ƙurar hunturu ba ta sallama kafin ta shigo. Ki goge kabad da hantsi, kafin la'asar za ki iya rubuta sunanki a kansa da yatsa. Shi ya sa idan 'yar'uwa ta ce mini kabad mai ruwan ƙasa za ta saka a madafarta, nakan ce ta yi dabara, sannan in tambaye ta: wane ruwan ƙasar?

Akwai mai duhu sosai irin na makuba, akwai na tsaka-tsaki mai ɗan ja-ja irin katakon maɗaci, akwai kuma mai haske kamar bangon laka na tsofaffin gidajen Birni. A shago, mai duhun nan mai sheƙi shi ne ke fara ɗauke ido, kuma shi mai kaya zai fara nuna miki. Sai an kafa shi a gida ake gane halinsa. Ƙurarmu ta fi shi haske, saboda haka duk abin da ya sauka a kansa sai ya fito fili, haka ma sawun yatsa mai maiƙo. Ga shi yana shanye haske, madafunmu kuwa yawanci taga ɗaya ce ƙarama. Mai hasken yana ɓoye ƙura, sai dai ɗigon miya da na manja sun fi bayyana a jikinsa. Ni dai na tsaka-tsakin nake zaɓa, wanda ba ya ƙyalli. Yana jure ƙura, yana jure maiƙo, kuma idan ya tsufa ba ya muni.

Launi na waje ne, abin da ke ciki shi ne kuɗinki. Mafi yawan kabad ɗin da ake kawowa a haɗe, da allon MDF ake yin su, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da wata fata mai zanen itace. Yana da sumul, yana da sauƙin kuɗi, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Mu kuwa a garin nan kowa ya san yadda ruwan famfo yake, ba gidan da ba a tara ruwa a jarka ko tano. Ni ma a ƙarƙashin wurin wanke-wanke nake jera jarkokina. Ɗaya ta riƙa tsiyaya ban lura ba, ranar da na janye ta sai na tarar allon ƙasa ya kumbura ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi, hinjin ƙofar ma ya fita da kusoshinsa. Da na kira kafinta, ya danna wurin da babban yatsa ya ce, "Hajiya, wannan ba ya gyaruwa, sai dai a sake." Har yau abin yana yi mini ciwo, don da guminmu muka saye shi.

Allon da aka yi da siraran katako hawa-hawa, wanda kafintocinmu ke kira kwantarfilake, ya fi shi juriyar danshi kuma ya fi riƙe kusa. Ki nemi mai kaurin milimita 18, ki kuma tabbatar an rufe bakinsa ta kowane gefe. Katako zalla ya fi duka kyau da tsada, amma ki tambaya ko ya bushe sosai, domin ɗanyen katako idan ya sha iskar hunturu da zafin Afrilu sai ya tsage ko ya karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa. Kuma a shafa masa maganin gara tun kafin a kafa shi. Na alminiyom mai zanen katako ba ruwansa da gara ko ruwa, sai dai yana lotsewa, kuma daga kusa ido yana gane ba itace ba ne.

Da zan sake daga farko, ga yadda zan yi: magini ya gina na ƙasa da bulo da siminti, ya ɗaga gindinsa kamar santimita 10 daga daɓe, a shimfiɗa tayil a ciki, wanda mu nan muke ce wa karo. Ƙofofin kaɗai za a yi da katako mai ruwan ƙasa. Na sama, da ruwa ba ya kai wa gare shi, ko MDF ne ba laifi. Illar ginannen ɗaya ce, idan gidan haya kike ba za ki tashi da shi ba. Tsawon teburin aiki ya kasance santimita 85 zuwa 90, tsakaninsa da kabad ɗin sama kuma 50 zuwa 60, don kada babbar tukunya ta rasa wurin zama. Inda za ki ajiye tukunyar gas, ko ta kilo 6 ce, a bar masa kafar iska ta ƙasa, saboda gas ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake taruwa.

Sai abin da za a haɗa shi da shi. Kuskuren da na fi gani shi ne a yi kabad ruwan ƙasa, tayil ruwan ƙasa, labule ruwan ƙasa, sai madafa ta koma kamar cikin rumbu. Bango ya zama ruwan madara ko fari mai ɗan ɗumi, da fentin da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Mai son launi ta gwada kore mai haske, yana zama da ruwan ƙasa kamar ganye da reshe. Saman tebur kuwa, dutsen giranit mai ɗige-ɗige ya fi komai, yana ɗaukar tukunya mai zafi, ba ya nuna datti. Idan aljihu bai kai ba, manyan tayil masu haske sun wadatar. Ki guji ƙanana, don a tsakanin layukansu maiƙo ke maƙalewa ya yi baƙi.

Ƙwan lantarki ma yana sauya launin katako. Farin nan fat mai lamba 6500K yana mayar da ruwan ƙasa kamar toka. Mai 3000K zuwa 4000K shi ke fito da jan da ke cikinsa. Lambar tana jikin kwalin, ki duba kafin ki biya. Hannun ƙofa baƙi ko ruwan tagulla, kuma mai sauƙin gogewa, ba mai lungu-lungu ba.

Wajen ado ba sai kin nemi na waje ba. Iyayenmu sun daɗe suna jere, kuma kayansu sun fi dacewa da wannan launi fiye da furen roba. Faifai uku masu launi a bango, ƙwarya mai zane, farar samira mai fure a bayan ƙofar gilashi, sai ƙaramin tulun garin Mirya a kusurwa, wanda jan yumɓunsa kamar don katakon aka yi shi. Kada ki bar kanta a buɗe da yawa, ɗaya ta isa, sauran a sa musu ƙofa, in ba haka ba kullum kina cikin wanke kwanukan da ba ki ci abinci a ciki ba.

Kafin ki ba da kuɗin kafin alƙalami, ko a Kasuwar Dole ko a wajen kafintan unguwa, ki roƙi guntun allo na kowane launi da kike shawara a kai. Ki kai su madafarki, ki jingina su a bango kwana uku ba gogewa, ki dube su da safe, da azahar, da dare a ƙarƙashin fitila. Ki kuma tsoma bakin kowanne a kofin ruwa ya kwana.