Kafin ka sayi adaftar Wi-Fi don Linux, duba cip ɗin da ke ciki

Adaftar Wi-Fi ta USB da ta yi aiki lafiya a Windows tana iya zama gunkin roba a kwamfutar da ke ɗauke da Linux. Sunan kamfanin da ke jikin kwali ba shi ne ke yanke hukunci ba. Abin da ke yanke shi shi ne cip ɗin da ke ciki, da direbansa, wato manhajar da ke tuƙa cip ɗin, da kuma hanyar da direban ke bi wajen magana da manhajoji.

Hanyoyin biyu ne. Tsohuwar ita ce Wireless Extensions, wadda Jean Tourrilhes ya tsara a shekarun 1990, kuma ita ce umarnin iwconfig ke amfani da ita. An gina ta ne tun Wi-Fi yana jariri, don haka duk sabon abin da ya zo sai an cusa shi da ƙyar. A 2006 wani ɗan sauyi a yadda ake ƙirga tsawon sunan hanyar sadarwa ya rikita tsofaffin manhajoji, sai da aka ƙara gyara a kanel, wato zuciyar Linux, don su ci gaba da aiki, domin ƙa'idar Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ita ce sabon kanel ba ya karya manhajar da ke aiki jiya. Sabuwar hanyar ita ce cfg80211 da nl80211, wadda Johannes Berg ya jagoranta, ta fara shigowa a kanel 2.6.22 a 2007. Umarninta shi ne iw.

Ba a jefar da tsohuwar ba. An sa wa cfg80211 wani tafinta da ke karɓar buƙatun iwconfig ya miƙa wa sabon direba. Amma fa tafintan nan gefe ɗaya yake fassarawa: tsohuwar manhaja na iya tuƙa sabon direba, sabuwar manhaja kuwa ba ta iya tuƙa direban da bai san komai ba sai tsohuwar hanya. Manhajar iwd ta Intel, mai haɗa kwamfuta da Wi-Fi, ba ta jin komai sai nl80211. WPA3, tsarin tsaron Wi-Fi, ma ta nan take bi, haka mayar da kwamfuta wurin raba intanet da manhajar hostapd. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙe a kasuwa.

Zaɓi na farko, wanda na fi ba da shawara, shi ne adaftar da direbanta ke cikin kanel ɗin kansa. Ka soka, ta kama. A nan MediaTek ce ke gaba. Cip ɗin MT7612U yana da direba tun kanel 4.19, yana kama zangon rediyo na 2.4 GHz da na 5 GHz, kuma shi ne a cikin Alfa AWUS036ACM. MT7921AU ya fi shi sabunta, Wi-Fi 6 ne, amma yana buƙatar kanel 5.18 ko sama da haka, saboda haka ka duba naka da umarnin uname -r kafin ka ciro kuɗi. Akwai kuma tsohon hannu Atheros AR9271: zangon 2.4 kaɗai, gudunsa bai wuce megabit 150 ba, sai dai bai cika ba da matsala ba, shi ya sa masu koyon tsaron intanet a Kali Linux ke nemansa ruwa a jallo. Ralink RT5370 ma haka yake, ƙarami, mai araha, ya ishi ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi.

Zaɓi na biyu shi ne wanda ya cika shaguna: adaftoci masu cip ɗin Realtek. Sun fi araha, kuma a Windows ba su da laifi. Matsalar ita ce da yawansu sun daɗe suna dogara da direban da ake ɗaukowa daga waje, a harhaɗa shi da DKMS, manhajar da ke sake gina direba duk lokacin da aka sabunta kanel. Yau yana aiki, gobe ka sabunta kanel ya ƙi harhaɗuwa, ga shi ba ka da intanet ɗin da za ka nemo gyara da shi. Lamarin ya yi sauƙi yanzu, don direbobin rtl8xxxu da rtw88 na cikin kanel sun karɓi da yawa daga cikinsu. RTL8188EU, misali, ya samu shiga rtl8xxxu a kanel 6.3 a 2023. Idan Linux ɗinka sabo ne, ba laifi ka saya. Idan tsohon Ubuntu ko Debian kake riƙe da shi, ka yi tunani.

TP-Link TL-WN722N ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Fitowar farko tana ɗauke da AR9271, ita ce ta yi suna. Ta biyu da ta uku kuwa RTL8188EUS ne a ciki, alhali suna ɗaya, kamanni ɗaya. Juya ta ka karanta lambar fitowa a jikin takardar baya. Mafi tabbas ma, ka tafi da laftof ɗinka shago, ka roƙi mai kaya ya bari ka soka, ka buga lsusb, umarnin da ke jero na'urorin USB. In ka ga 0cf3:9271, Atheros ce. Daga nan ka buga iw dev; idan adaftar ta bayyana, direbanta yana jin sabuwar hanya. Idan iwconfig ya gan ta amma iw bai gan ta ba, ajiye masa kayansa.

Mai laftof da ake iya buɗewa yana da zaɓi na uku: ya sauya katin ciki da Intel AX200 ko AX210, masu direban iwlwifi. Galibi sun fi adaftar USB ƙarfi da natsuwa, in dai ramin katin irin M.2 ne kuma laftof ɗin ba ya ƙin baƙon kati.

Sai batun Wi-Fi 7. A nan tafintan ya ajiye aiki: tun 2023 kanel ke gargaɗin cewa Wireless Extensions ba za ta yi aiki da irin waɗannan na'urori ba, saboda suna haɗuwa ta zango fiye da ɗaya a lokaci guda, abin da tsohuwar hanya ba ta da yadda za ta bayyana shi. Duk wanda ke da tsofaffin rubutattun umarni masu kiran iwconfig ko wpa_supplicant da -D wext, ya mayar da su iw da -D nl80211 tukuna, sannan ya sayi kati irin Intel BE200.