Kafin ka biya kuɗin ɗaki a Kano, duba wa ke riƙe da rimot

Mai zuwa Kano sau ɗaya a shekara ba ruwansa da talabijin ɗin otal. Mu da muke shigowa sari Kantin Kwari ko Singa sau biyu a wata, da masu zuwa Dawanau awon riɗi da wake, mu muka san darajarta. Ka yini kana ciniki cikin rana, ka koma ɗaki bayan Isha ƙafa a kumbure, ba abin da ya rage maka sai miƙewa da kallo. A lokacin za ka gane cewa "DStv" ɗin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a allon ƙofar otal bai faɗa maka komai ba.

Abin da nake fara tambaya a risefshan shi ne: dikoda tana cikin ɗakin, ko tana can ofis?

Otal-otal da yawa, musamman matsakaita, tsarin tsakiya suke yi. Za a jera dikoda takwas ko goma a wani ɗan ɗaki, a kafe kowacce a tasha ɗaya, a haɗa su cikin waya guda a rarraba wa ɗakuna. Iyakar tashoshinka ke nan, ko da otal ɗin tsari mafi tsada yake biya. Hoton ma yakan zo da yashi-yashi, don kafin ya iso hawa na biyu ya sha hanya. Na taɓa kwana a irin wannan a wajen Sabon Gari ranar wani wasan Firimiya. Ana minti na saba'in, kunnen doki, sai kawai na ga 'yan Indiya suna rawa a kan dutse. Na ɗaga wayar ɗaki na ce, "Ɗan'uwa, wa ya taɓa tashar ƙwallo?" Yaron ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, Hajiyar ɗaki na sha biyu ce ta nema." Ita ma kuɗinta ta biya, ina da ta cewa?

Ban ce tsarin tsakiya ba shi da amfani ba. Ɗakin yakan fi sauƙin kuɗi, kuma idan manaja mai lura ne zai zaɓo abin da baƙon Kano ke so: tashar Makka, Arewa24, Africa Magic Hausa, Channels, Aljazeera, da SuperSport ɗaya ko biyu. Wanda labarai kawai zai leƙa kafin barci, wannan ya ishe shi.

Idan kuwa dikoda na ɗaki, to saura ka san wane tsari aka biya. DStv hawa-hawa ne: Premium a sama, sai Compact Plus, Compact, Confam, Yanga, Padi a ƙasa. Duk sunansu DStv, amma mai son ganin wasannin Firimiya a cike sai daga Compact zuwa sama. Ga gwajin da nake yi, bai kai minti biyu ba. Kafin in biya sai in ce a nuna min ɗakin, in ɗauki rimot in danna 203, tashar Firimiya. In ta buɗe, in danna 261 in ga Arewa24, sannan 156 na Africa Magic Hausa. Idan allo ya nuna E16, ko dai kuɗin wata ya ƙare ko tashar ba ta cikin tsarin da suka biya. Kada ka yarda da "yanzu za a saka, Alhaji." Wannan yanzun takan kai har ranar da za ka miƙa makulli. Ka duba bayan rimot ɗin ma. Na sha samun wanda aka ɗaure da kyauro, ba batir a ciki.

GOtv ƙanwar DStv ce, duka na kamfanin MultiChoice, ta shigo Najeriya a 2011. Da eriya take aiki, ba farantin satalayit ba, shi ya sa a watan Agusta, lokacin da hadari ke sa DStv ta tsaya cak tana nuna E48, ita takan ci gaba da nunawa. Sai dai ita ma ƙananan tsarinta, su Jinja da Smallie, ba su da wani ƙwallon kirki. Supa Plus ne mai kawo Firimiya duka, kuma ba kowane otal ke biyan shi ba. StarTimes kuwa, ta 'yan Chana da suka haɗa gwiwa da NTA tun 2010, tana da araha da tashoshin Hausa da na finafinai, amma babu Firimiya. Idan da iyali ka zo, ba laifi.

Akwai kuma masaukan da ke da farantin da ba a biyan kuɗin wata, wanda ke kamo Nilesat ko Arabsat. Ni ban raina shi ba ko kaɗan. Harami kai tsaye dare da rana, Masallacin Madina, tashoshin karatu da na labarai, ba ranar da za a ce maka kati ya ƙare. Da azumi ma shi na fi so, ka dawo daga masallaci ka tarar ana tarawihi a Makka. Matsalarsa tarkace: ɗaruruwan tashoshin Larabci ba tsari, kuma ba duka ne za ka so yaro ya faɗa ciki ba. ARTV da NTA Kano ba kasafai nake samunsu a ɗakuna ba, amma gaskiya mai son jin abin da ke gudana a gari, rediyon wayarsa ya fi masa. Freedom a 99.5 ta ishe shi.

Duk wannan lissafin banza ne in babu wuta. Ka tambayi ƙarfe nawa ake tada janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, ko akwai sola. Duk sauyi daga wutar gari zuwa inji, dikoda sai ta mutu ta sake tashi, kuma a cikin 'yan mintocin nan ne ake cin ƙwallon da ka zauna jira.

Yanzu ni da kayana nake yawo. Wayar HDMI, mai haɗa na'ura da talabijin, da 'yar na'urar Android mai kamar fulash, na saye su a kasuwar waya ta Farm Centre, suna aljihun jaka kusa da caja. Da manhajar DStv Stream nake kallon abin da na riga na biya a gida, shirye-shiryen Kannywood kuma suna YouTube. Wannan ma da sharaɗinsa: wasu otal ɗin sun manne talabijin da bango yadda hannu ba zai kai ramin HDMI ba, Wi-Fi kuma yakan tsaya a risefshan bai hau bene ba. Da datarka za ka yi, kuma wasa ɗaya mai kyawun hoto na iya lashe fiye da giga ɗaya.

Kwana ɗaya ko biyu, ba na ƙara ko sisi saboda talabijin. Tsarin tsakiya da 'yar na'urata sun wadatar. Mako guda ne, ko zuwan ya faɗo ƙarshen mako, sai in nemi ɗaki mai dikodarsa a wajen Bompai ko Nasarawa, in danna 203 da hannuna kafin in tura kuɗi. Ranar da duk suka ƙi kuwa, in sa takalmi in tambayi maigadi gidan kallo mafi kusa.