Jini daga sama, saƙo daga wani ƙauyen Ruwanda

Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram. Ina gaishe ku daga wani ƙauye a kan duwatsun kudancin Ruwanda, inda nake aikin sa kai na ungozoma a ƙaramin gidan likita.

Wata mata ta haihu a hannuna, jini ya ɓalle mata, muka garzaya da ita babban asibitin gunduma. Aka duba firiji, babu irin jininta. Gabana ya faɗi, na fara salati, don kun san abin da ke biyo baya a wajenmu. Shi kuwa ma'aikacin ɗakin awo ko a jikinsa, salula ya ɗauka ya tura saƙo. Da kaɗan aka wuce rabin awa sai ga wani ɗan jirgi maras matuƙi ya ratso ta saman asibitin, ya saki jan kwali ɗaure da ƴar lema ta takarda, ya juya abinsa ko sauka bai yi ba. Na buɗe kwalin da hannuna: leda biyu na jini, da sanyinsu. Matar nan tana gida yanzu tana shayar da ɗanta. Kamfanin Zipline ne ke wannan aiki tun 2016, daga garin Muhanga suke tayar da jiragen, domin ƙasar duk tudu ce da kwari, in damina ta kama mota sai ta wuni a hanya.

Jirgin abin kallo ne, amma ni jinin ne ya tsaya mini a rai. Wani ne ya miƙa hannu aka ɗiba tun matar ba ta fara naƙuda ba, bai san ta ba, ba zai taɓa saninta ba. Mu fa? Sai mace ta galabaita sannan miji ya hau kabu-kabu daga Birni zuwa Zango yana roƙon dangi. Wannan ya ce bai karya ba, wancan ya ce in aka ɗibi jininsa ƙarfinsa zai tafi. Ƙato mai ɗaukar buhun hatsi a Kasuwar Dole, allura ce ke sa shi gudu! Wallahi samarin fada guda ɗaya, wato majalisar hira ta unguwa, in suka bayar sau biyu a shekara, mata da yawa ba za a rufe su ba.

Ledar zuba kaya kuma tun 2008 aka hana ta a nan, a jakar takarda ake ƙulla maka sayayya. Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ya fito aikin gayya, Umuganda suke ce masa. Ɗan kabu-kabu ba ya ɗaukar mutum sai ya sa hular kwano.

Kada ku ce na samu aljanna. Sanyi da laka sun ishe ni, kowace tafiya hawa ce. Musulmi kaɗan ne a wannan yankin, naman halal sai na sauka gari. Abinci kullum wake da ayaba dafaffiya, ko rogo, ko dankali, ba daddawa, ba kuka, yajin ma wani mai ne a ƴar kwalba da ake ɗigawa. Cin abu a kan titi abin kunya ne a wajensu, ba mai ƙosai ba mai tsire a bakin hanya. Hajiya, in kin samu mai zuwa Kigali, don Allah ki haɗo ni da kilishi da garin kuka.