MyoD ko myostatin: wanne ɗalibi zai ɗauka?

Tun da aka fara rabon batutuwan binciken kammala digiri, ɗaliban kimiyyar halittu a nan Katsina ke tare ni da tambaya ɗaya: "Malam, MyoD zan ɗauka ko myostatin?" Dukansu furotin ne masu hannu a ginin tsoka, amma aikinsu ya sha bamban.

MyoD shi ne mai ba da umarni. Yakan manne a jikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ya kunna ƙwayoyin gadon da ke gina tsoka. A 1987, a ɗakin gwajin masanin kimiyya Harold Weintraub a Amurka, an sa shi cikin ƙwayoyin halittar da ba na tsoka ba, sai ga su sun rikiɗe sun zama na tsoka. Har yau abin na ba ni mamaki. Sai dai gwada shi yana cin kuɗi: renon ƙwayoyin halitta, na'urori masu tsada, da wutar da ba ta ɗaukewa. Karatunsa ma akwai nauyi.

Myostatin kuwa birki ne, yana hana tsoka wuce gona da iri. An gano shi a 1997, kuma nakasarsa ce ta sa wasu shanun Beljiyam suke murɗa-murɗa. Ya fi sauƙin bayani, ga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa inda za ka auna ƙirjin bijimai. Amma awon jiki kaɗai ba ya nuna ƙwayar gado, sai an kai jini gwaji.

Mai niyyar zurfafa karatu, kuma yana da ɗakin gwaji, ya riƙe MyoD. Wanda hankalinsa ke kan kiwo, myostatin ya fi dacewa da shi.