Sharhi: intanet ɗin faiba a gida, bayan ɗoki ya wuce

Masu tallar faiba, wato intanet ɗin da ke zuwa ta hasken da ke bin zaren gilashi, sun fi son maganar gudu, gigabit kaza a daƙiƙa. Ni kuwa da na jima ina aiki da ita, abin da ya fi yi mini shi ne tsayuwarta a kan hali ɗaya. Ko ana ruwa, ko ana tsawa, ba ta sauya zani. Aikina tura manyan fayilolin bidiyo ne da ganawa da mutane ta kyamara, kuma a irin wannan aiki murya ta ɗauke na daƙiƙa biyu ya fi ciwo a kan fayil ya yi jinkirin minti guda.

Ranar da aka zo haɗawa na tsaya a kan ma'aikacin, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Ya ɓare rigar wayar har ya rage wani zaren gilashi siriri kamar gashin kai. Kaurinsa maikiromita 125 ne, tsakiyar da haske ke bi kuma kusan 9 kacal. Ya goge shi da alkohol, ya datse bakin da wata 'yar na'ura, sannan ya sa shi a injin haɗi. A ƙaramin allon injin kana ganin bakuna biyu suna matsowa har su daidaita, sai tartsatsin lantarki ya narkar da su su zama ɗaya. Bai tafi ba sai da ya auna ƙarfin hasken da ke isowa. Idan naka bai auna ba, kada ka bar shi ya tafi.

Wannan tsantseni yana da dalili. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye haske, kuma a 1970 kamfanin Corning ya ƙera zaren da asarar haskensa ta gaza desibel 20 a kilomita (desibel ma'aunin raguwar ƙarfin haske ne). Na yau kan yi asarar kusan 0.2, wato haske zai yi tafiyar kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. Amma ƙura kaɗan a bakin mahaɗi tana iya cinye abin da kilomitoci ba su ci ba. Duk matsalar da na gani da faiba, a 'yan mitocin ƙarshe take, cikin gida.

Wata rana jar fitilar LOS, mai nuna cewa haske ya daina isowa, ta kama ƙiftawa a jikin akwatin da wayar faiba ke shiga a gida. Ashe wajen shara aka ture kabad ya lanƙwasa wayar a kwana. Idan lanƙwasa ta yi tsanani haske yakan tsere ta gefe. Da aka miƙar da ita komai ya dawo. Kada dai a leƙa bakin wayar don a ga ko haske na zuwa: ido ba ya ganinsa, kuma yana iya yi wa ido lahani.

Akwai abin da ba a faɗa mini ba sai da na tambaya: layin ba nawa ba ne ni kaɗai. A tsarin raba layi da ake kira GPON, zare ɗaya ne ke fitowa daga kamfani, a raba haskensa ga gidaje 32, wani lokaci 64. Dukanmu muna cin gigabit 2.5 wajen saukewa da 1.25 wajen ɗorawa. Saƙon da ke zuwa yana kan haske mai tsawon zango nanomita 1490, mai tafiya yana kan 1310, shi ya sa ba sa karo a zare ɗaya. Wajen ɗorawa kuma bi da bi ake yi, kowane akwati da ɗan lokacin da aka yanka masa. Da daddare nakan ga gudun ya ɗan sauka, ko da yake bai taɓa hana ni aiki ba. Mai tura kaya da yawa ya tambaya ko kamfanin yana da tsarin XGS-PON, mai gigabit 10 ta kowane ɓangare.

Inda na rage musu maki shi ne akwatin da suka bayar. Idan na jona kwamfuta da akwatin ta kebul kai tsaye ina samun kusan abin da aka yi alkawari, amma Wi-Fi ɗinsa da ya ratsa bango biyu sai ya koma abin tausayi, musamman a kan zangon Wi-Fi na 5 GHz. Sai da na sayi wata na'urar Wi-Fi daban. Kuma akwatin da lantarki yake aiki, don haka na haɗa masa ɗan batir. Na kai ƙorafin Wi-Fi ɗin ga masu kula da abokan ciniki, amsar da na samu ita ce in kashe in kunna.