Soufflé: injin Datalog da ke sauraron tambayarka

Duk wanda ya taɓa rubuta dokokin Datalog, yaren da ake yi wa bayanai tambaya da shi ta hanyar dokoki, ya san ciwon kan da ke ciki: ka tambayi abu ɗaya, inji ya tashi ya lissafa maka duniya. Wannan ne ya sa na riƙe Soufflé, manhajar da aka fara a Oracle Labs da ke Brisbane a Ostireliya. Kyauta ce, tana GitHub.

Aikina bin diddigin wane sashe na manhaja ke kiran wane. Dokoki biyu ne kacal: A yana kaiwa ga B idan yana kiransa kai tsaye, ko idan yana kaiwa ga wani da ke kiran B. Datalog daga ƙasa yake ɗaukowa, ya yi ta haɗa kowa da kowa har sai sabon abu ya daina fitowa. Ni kuwa buƙatata ɗaya: daga main, sashen da manhaja ke farawa daga gare shi, ina da ina ake kaiwa?

A nan zaɓin -m, da ake ƙarawa a umarnin gudanar da Soufflé, yake burge ni. Dabarar magic sets ce, wadda Bancilhon da Maier da Sagiv da Ullman suka fito da ita a 1986. Kafin a fara lissafi, Soufflé tana sake rubuta dokokinka. Ta duba kowane gurbi a dokokin, kamar na A da na B, wanne aka riga aka san abin da ke cikinsa, wanne ne babu komai, sannan ta ƙirƙiro ƙaramin tebur na abin da tambayar ke nema, ta ajiye shi gaban kowace doka kamar mai gadi a bakin ƙofa. Abin da bai shafi main ba, ba ya shiga. Amsa ba ta canzawa, aikin banza ne ke raguwa. Masu nazarin Prolog, yaren dokoki ɗan'uwan Datalog, a kan tafarkin nazarin manhaja da Patrick da Radhia Cousot suka shimfiɗa a 1977 ma suna aron wannan dabarar, don su gano yadda za a kira kowace doka ba tare da an gudanar da manhajar ba.

Amma fa idan dukkan amsoshi kake so, teburan da aka ƙara nauyi ne kawai. Gwada da -m, gwada babu shi, ka duba souffleprof, manhajar Soufflé da ke nuna inda lokaci ke tafiya.

Soufflé tana iya mayar da dokoki zuwa yaren C++ kafin a gudanar da su, amma hakan yana cin lokaci, don haka a ƙaramin aiki ina gudanar da su kai tsaye. Kuma dole ka bayyana nau'in kowane gurbi da .decl, duk wanda ya saba da Prolog zai ji takura da farko, amma wannan takurar tana kama kuskure tun kafin ya yi nisa.